Sahur Ɗin da Ya Kusa Cinye Idon Modu

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ba, ranar da na yi sahur mafi daɗi a rayuwata, kafin hantsi ya dubi ludayi kuma na zubar da mutuncin da na yi shekara talatin ina tarawa a garin Haɗeja.

Bari in fara da faɗa muku ko ni wane ne, don ku san daga inda na faɗo. Tsohon hedimasta ne ni. Na yi ritaya, amma bakina bai yi ba. A majalisarmu ta ƙofar gida, in aka yi gardama a kan siyasa, ko farashin taki, ko dalilin da ya sa kogi ya yi ambaliya bana bai yi bara ba, ni ake juyowa a kalla, ni kuma ban taɓa cewa “ban sani ba”. (Maiɗakina, Hajiya Lami, ta ce da za a tambaye ni abin da kifi ke mafarki, sai na gyara zama na ba da amsa kashi uku.)

Ina da aboki tun na ƙuruciya, Modu, masunci ne a wani ƙauye can bayan Kirikasamma. Shi Babarbare, ni kuwa kakana Bafulatani ne, don haka tun muna yara ba ma gaisawa sai da tsiya. Ba ya kirana da sunana, “Fulani” yake ce min, ko a gaban ɗalibaina. Modu ya daɗe da ciwon suga, daga baya kuma yanar ido ta rufe masa ido biyu. Mutumin da a da yake gane inda tarwaɗa ta kwanta daga motsin ruwa kawai, ya koma bai iya ganin ramin komarsa balle ya ɗinke. Jirginsa na nan kife a bakin ruwa, ciyawar kacalla ta kusa haɗiye shi. Duk lokacin da na kai masa ziyara sai in tarar da shi zaune yana shafa koma da hannu, abin ya riƙa sosa min rai, ko da yake ban taɓa gaya masa ba.

To sai aka ji likitocin ido za su zo asibitin garinmu ranar wata Asabar su yi wa mutane aiki. Sharaɗinsu ɗaya ne ga masu suga: sai sugan ya sauka, in ba haka ba ba za su taɓa idon mutum ba, domin ciwon ba zai warke da kyau ba. Modu ya ɗauki maganar nan da gaske. Wata uku cur bai sa suga a shayi ba, ya bar fura, ya rage tuwo, yana shan ƙwayoyinsa a kan kari. Mutumin da ba ya wuce mai dabino bai tsaya ba, ya koma in ya ji ƙanshinsa sai ya kau da kai.

Ni kuma fa? Ni lafiyata ƙalau, in ji ni. Gaskiya ne ina tashi fitsari sau huɗu ko biyar kafin asuba, amma na ce sanyin damina ne. Gaskiya ne ƙishirwa ba ta barina, amma na ce zafin Haɗeja ne. (Kun ga na haɗa sanyi da zafi a jiki ɗaya, ban kuma ga wani abin mamaki a ciki ba.) Wandunana suka fara zamewa, na je na yi wa tela faɗa na ce ya ɓata min awo, alhali wandunan sun shekara huɗu a jikina. Hajiya ta yi magana har ta gaji. Ni dai ra'ayina shi ne, namiji ba ya zuwa asibiti da ƙafarsa sai dai a kai shi, kuma ciwon da ba a ambaci sunansa ba bai zama ciwo ba tukuna.

Ranar Laraba Modu ya iso, aka riƙo masa hannu daga tasha har gidana. Da yamma na raka shi asibiti don a tabbatar sunansa na cikin jerin waɗanda za a yi wa aiki. Mai kula da gwajin jini a wurin ba kowa ba ne illa Habu, tsohon ɗalibina, wanda na taɓa sa wa kamun kunne saboda ya kasa rubuta sunan garinsu daidai. Yanzu ya zama magidanci har da gemu da tabarau, mutane na ce masa Likita. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya duba takardun Modu, sannan ya ce:

“Baba Modu, gobe da ƙarfe takwas za a yi gwajin ƙarshe. Ka zo da azumi. Da azahar zan miƙa sunayen waɗanda suka tsallake.”

Sai ya ɗago ya dube ni, ya ɗan jima yana kallon wuyan rigata. “Malam, kai ma da ka zo da azumin mu duba ka. Na ga ka ɗan faɗa.”

Na ce, “Ni rakiya na yi.”

Ya ce, “To Malam, ko don rakiyar.” Ya buɗe baki zai ƙara bayani, na ɗaga masa hannu kamar yadda nake yi a aji. Na ce na gane. Yaron da na koya wa baƙi da wasali ne zai fassara min azumi?

A hanyar gida Modu ya ce, “Fulani, wancan karon da aka ce min haka a asibitin Kirikasamma, daga tuwon dare ban ƙara sa komai a baki ba sai da aka ɗebi jinin.”

Na tsaya cak a tsakiyar titi. Na ce, “Modu, wannan ai ba azumi ka yi ba, yunwa ka zauna da ita. Azumi ba sahur? Ka bar albarka a tukunya. Kuma ka lura da kyau, wace rana ce gobe?”

Ya ce, “Alhamis.”

“To ka gani! Litinin da Alhamis. Kana zaton haka kawai suka zaɓi ranar? Mutanen nan sun san abin da suke yi. Jifa ɗaya tsuntsu biyu, ga gwaji ga lada.”

Modu ya ce, “To, ku ne kuka yi boko.” Wannan maganar tasa har yau in na tuna ta sai in ji kamar in tona rami in shiga.

Da na shiga gida na ba Hajiya umarnin a tashe mu sahur. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, “Malam, da ka buga wa Habu waya ka tambaye shi ko irin wannan azumin yake nufi? Na ji matan da ke zuwa awo suna cewa...”

Na ce, “Hajiya, azumi kala nawa ne a Musulunci da har zan tambayi Habu?”

Ta ce, “Allah ya ba ka haƙuri.” Duk wanda ya yi aure ya san akwai “Allah ya ba ka haƙuri” da ke nufin “za ka gani”.

Sahur kuwa an yi shi na kece raini. Hajiya, ko don biyayya ko don mugunta (har yau ban tantance ba), ta fito da shinkafa 'yar Haɗeja da miyar busasshiyar tarwaɗa, ga fura da nono ta sha suga, ga shayi mai kauri da madarar gwangwani, ga faranti guda na dabino. Modu ya shinshina, ya ja da baya kamar an nuna masa maciji.

“Fulani, wata uku fa.”

Na ce, “Wata ukun ai ba azumi kake ba. Yau wuni za ka yi ba ci ba sha. Mai suga in ya wuni da ciki fayau faɗuwa yake. Ka ci don lafiyarka.” Har da kawo masa misalin mota da mai. Na ɗauki dabino na danƙa masa a hannu da kaina.

Ya ci ɗaya. Ya lumshe idon da dama ba gani yake da shi ba. Daga nan ban ƙara lallashinsa ba, sai ma da na janye farantin don in samu nawa. Muka sha fura, muka kora da shayi, muka ɗauki niyya, aka kira assalatu muka tafi masallaci muna gyatsa.

Ƙarfe takwas saura muna kan benci a barandar ɗakin gwaji. Mutum ya kai ashirin, yawanci dattawa, wasu daga Jahun, wasu daga ƙauyukan fadama, kowa fuska a yamutse. Mu biyu ne kawai muke sheƙi. Na gaggaisa da waɗanda suka san ni, ina jaddada wa kowa cewa rakiya na yi.

Can sai na ga wani dattijo mai jar hula a gefena ya fasa ledar ruwa da haƙori ya kafa kai. Hedimastan da ke cikina ya motsa.

Na ce, “Bawan Allah! Ka manta ne? Ai ka karya.”

Ya sauke ledar ya dube ni. “Na karya me?”

“Azumin mana.”

Ya ce, “Alhaji, ruwa ai an yarda a sha. Abinci ne ba a so. Ni tun tuwon magariba rabona da hatsi, hanjina har kuka yake.” Na kusa da shi ya ce shi ma haka. Na gaba ma haka.

Na yi murmushin da malami ke yi wa ajin da duk ya faɗi jarrabawa. Na saci kallon Modu. Kunnensa ras yake, ya ji komai.

Aka kira sunansa. Na riƙe masa hannu muka isa teburin Habu, wanda ke bakin ƙofa, kowa na gani kowa na ji. Habu ya tsira masa allura a yatsa, ya ɗiga jinin a 'yar na'urar, muka jira. Lambar da ta fito ta sa ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce na'urar ce. Ya sake gwadawa da sabon tsinke. Ya canza batir. Har kansa ya tsira ya gwada nasa jinin, na'ura ta nuna lafiyarta lau.

“Baba Modu, kana azumi kuwa?”

“Ina azumi, ɗana.” Kuma wallahi gaskiya ya faɗa.

Habu ya sauke murya, amma a barandar nan ko allura ta faɗi sai an ji. “Baba, ka faɗa min tsakaninka da Allah. Ka koma wa suga ko? Mako biyu da suka wuce takardarka ta nuna ka sauka sosai. Wannan lambar ba ta mai kiyayewa ba ce. Da ita ba wanda zai taɓa idonka, kuma ban san ranar da likitocin nan za su sake zagayowa ba.”

Modu ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina. Fararen idanun nan suka tsaya a kaina. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa. Sai ya mayar da kai ya ce, “Haka Allah ya so.”

Rufa min asiri yake. Zai koma ƙauye da makantarsa, a ce tsoho ya kasa riƙe kwaɗayinsa, don kada a yi wa hedimasta dariya a bainar jama'a. Ni kuwa, don ku san irin mutumin da ke ba ku labari, sai da na tsaya ina auna abin. Har wata zuciya ta ce min in bari mu fita, in ya so in samu Habu a gefe daga baya. Sai na ga Habu ya cire murfin biro ya ɗora a kan sunan Modu.

Na ce, “Habu, dakata.”

Muryar da ta saba cika filin makaranta ba lasifika, ranar nan da ƙyar ta fito.

“Mun yi sahur.”

Ya ce, “Na'am, Malam?”

“Sahur. Mun yi sahur. Ni na sa shi. Ya ce min ba haka ake yi ba, na ce bai sani ba.”

Habu ya ajiye biro a hankali. “Malam... me kuka ci?”

Da ya bar ni haka da ya yi min rahama, amma aikinsa ne ya sani. Na fara lissafi kamar yaro na biya karatu. Shinkafa. Miyar kifi. Fura.

“Da suga?”

“Da suga.” Shayi. “Da madara?” Da madara. Na tsaya nan, ina fatan an gama.

Modu ya ce, “Ka manta dabino, Fulani.”

Dattijo mai jar hula ne ya fara. Ruwan da ke bakinsa ya fito ta hanci. Daga nan baranda ta ɗauka gaba ɗaya, tsofaffin da yunwa ta hana su magana tun safe suka samu ƙarfin riƙe ciki. Wani ya ce, “Alhaji, walima kuka yi ba gayyata!” Wani daga can baya, wanda na gane muryarsa, uban ɗaya daga cikin ɗalibaina ne, ya ce, “Ashe Malam ne! To mu 'ya'yanmu me aka koya musu?” Mai jar hula ya share hawaye ya miƙo min ragowar ledar ruwansa ya ce, “Ungo, ko kana tsoron karyawa?”

Wanda ya fi ba ni tausayi Habu ne. Tarbiyya ta hana shi yi wa malaminsa dariya, dariyar kuma ta ƙi haƙura. Ya ciji leɓe, ya ce zai ɗauko wani abu a kabad, ya buɗe kabad ɗin ya zura kansa ciki. Muna ganin kafaɗunsa suna rawa. Da ya fito idonsa jajir, ya ce, “Malam, laifina ne, da na ce kada ku ci komai tun dare.” Wannan ladabin nasa ya fi dariyar ciwo, domin ni da shi mun san wanda ya ɗaga hannu ya hana shi bayani.

Sannan ya ce dole Modu ya sha maganinsa yanzu da ruwa mai yawa, azumin nafila ba ya gaban lafiya. Haka muka karya a gaban jama'a, ƙarfe tara na safe, ciki cike da shinkafa. Ba gwaji, ba lada, ba tsuntsu ba tarko.

Habu ya shiga ya fita, ya roƙi na gaba da shi aka ɗaga wa Modu ƙafa zuwa safiyar Juma'a. (Na san sai da ya ba da labarin dalili, domin ma'aikata uku ne suka leƙo su ga hedimastan da ido.) Da daddare a gida Hajiya ta kawo mana ɗan faten wake da ganye, ta kwashe kwanuka, ta kulle kicin, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Sai da za ta shige ta ce, “Malam, in tashe ku ƙarfe nawa?”

Ranar Juma'a muka koma da yunwa ta gaskiya. Na Modu ya sauka, ba kamar yadda yake kafin in sa masa hannu ba, amma ya shiga inda ake so. Habu ya rubuta sunansa, na ji kamar an sauke min buhun shinkafa daga ka. Na juya zan tafi, Habu ya ce, “Malam, yatsa.” Na fara cewa rakiya, sai na ga babu sauran abin da zan kare. Na miƙa. Lambata ta fi ta Modu ta jiya, kuma yau babu furar da zan ɗora wa laifi. Habu ya tambaye ni fitsari, ƙishirwa, rama, na amsa duka da “e”, kaina a ƙasa. Ya auna jinina, shi ma ya hau. Ya ce in shigo wurin likita yau ɗin nan, ba gobe ba.

An yi wa Modu aiki ranar Asabar a ido ɗaya. Washegari ina tsaye a gaban gadonsa aka cire bandejin. Ya yi ta ƙifta ido, ya dubi silin, ya dubi tafin hannunsa, sannan ya dube ni. Na shirya jin tsiya a kan dabino. Sai na ga fuskarsa ta canza.

Ya ce, “Fulani, kai ne wannan? Ina sauran naka?”

Na ce wane saura.

“Shekara biyu ina jin muryarka tana cika ɗaki, na zaci kana nan da tumbinka. Ashe murya ce kawai ta rage.” Ya kamo hannuna ya juya shi. “Kai da kake zuwa duba ni, ashe kai ne abin dubawa. Makaho kaɗai ka samu ka ɓoye wa.”

Na nemi amsa kashi uku, ko ɗaya ban samu ba. Na ce hasken ɗakin ne ya sa idona ruwa.

Yau shekara biyu ke nan. Modu ya koma ruwa, yana aiko min da kifi, kullum da saƙon cewa na sahur ne. A majalisa sunana ya koma Malam Sahur, har jikokina sun ɗauka sarauta ce. Ina shan ƙwayoyina safe da yamma, na bar suga, ina taka ƙafa zuwa bakin gada in dawo kafin rana ta yi zafi, wandunana kuma sun daina zamewa (na je na ba tela haƙuri). Duk wata ina zaune a bencin nan, kuma ban ƙara cewa rakiya na yi ba.

Abin da na koya shi ne, girman kai rawanin tsiya ne, kuma nawa rawanin saura ƙiris a naɗa shi a idon wani. Yanzu in Habu ya ce min, “Malam, wannan kafin abinci za ka sha,” sai in ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya in ce, “Likita, wane abincin?”